Wasan Neman Akwati: Abin da Iyali Za Su Yi Tare Bayan Girbi

Wannan jawabi ne da ma'aikatanmu na raya karkara suka gabatar wa iyaye daga ikklisiyoyin Ikara, Makarfi da Kudan. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙo a karanta shi a taron zumuntar mata da na matasa.

Mun san waɗansu tun da sassafe suka baro gida, daga wajen Pala da Saulawa da Kurmin Kogi, waɗansu daga Gazara da Gubuchi, waɗansu kuma daga Hunƙuyi da Likoro. Mun gode da kuka bar aikin rake da na lambu kuka zo.

Kun saba jin mu muna magana a kan takin gargajiya, da tsabtar rijiya, da rigakafin yara, da yadda za a adana hatsi kada ƙwari su ci. Yau kuwa a kan wasa za mu yi magana. Mun ga waɗansu dattawa sun yi murmushi. Ku yi mana haƙuri ku saurara har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci ko maganar ta cancanci tafiyar da kuka yi.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana

Bari mu fara da tambaya. Yaushe rabon da ka zauna da 'ya'yanka kuna hira, ba aike ba, ba faɗa ba? Yaushe rabon da a gidanku a ji an ce “ga ta nan, ga ta nanku”? Mu da muka girma a ƙauyukan nan mun tuna dandali da farin wata. 'Yan mata suna gaɗa, samari suna langa, ƙanana suna wasan ɓuya a bayan rumbuna. Kaka tana zaune a kan tabarma tana jefo kacici-kacici. A nan muka koyi magana, muka koyi sunayen abubuwa, muka san waye danginmu.

Yanzu abin ya ragu ƙwarai, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne. Da an gama girbi magidanta da yawa sukan tafi cin rani Zariya ko Kano ko Abuja. Samari suna gidan kallon ƙwallo, ko sun sunkuyar da kai a kan waya. Ga kuma tsoro. Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun a watan Yuli na 2021, aka kuma kwashe yaran makarantar Kuriga a watan Maris na 2024, babu uwar da hankalinta yake kwance idan ɗanta ya yi nisa da gida. Wuraren nan suna da nisa da mu, amma labarinsu ya shiga kowane gida.

A yawonmu na ƙauyuka mun lura da abin da wannan ya haifar. Mukan tarar da yaro yana aji huɗu ko biyar a firamare, amma in ka ba shi wasiƙa ta Hausa ba zai iya karanta maka ita ba. Ba daƙiƙi ba ne. Daga ya fito aji ba ya ƙara ganin rubutu sai gobe, kuma ba shi da wani dalili na son ya karanta. Mukan tarar da yarinya tana cin miyar daddawa kullum, amma ba ta iya nuna maka ɗorawa ba. Abin da ya fi damun mu shi ne iyakar gona. Sau nawa tsoho ya rasu, 'ya'yansa suka tashi suna shari'a da 'ya'yan ƙanensa, domin babu wanda ya taɓa zagawa da su ya ce, “Daga wannan gamba zuwa waccan kanya namu ne”? Zumuncin shekara hamsin yakan lalace a kan kunya biyar.

Ba mu ce wasa zai warkar da waɗannan duka ba. Amma mun sami wani wasa da yake taɓa kowannensu, ba ya kuma cin kuɗi.

Inda wasan ya samo asali

A kudu maso yammacin Ingila, a yankin Devon, akwai wani tudu mai faɗi da ake kira Dartmoor. Fili ne fetal, ga duwatsu, ga dausayi mai laka, ga hazo da yakan rufe hanya ba zato. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a wani wuri mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool. Duk baƙon da ya jure tafiya ya kai can, sai ya jefa ɗan kati mai sunansa a ciki, shaidar cewa ya iso.

Da tafiya ta yi tafiya, sai aka maye kwalbar da akwati, aka sa littafin da baƙi za su rubuta sunansu, aka ƙara da hatimi. Sai kuma wata al'ada ta shigo. Mutum yakan bar katin wasiƙa mai adireshinsa da kan sarki a cikin akwatin. Wanda ya zo bayansa, ko da bai san shi ba, sai ya ɗauka ya kai gidan waya ya jefa masa. Daga nan ne wasan ya sami sunansa a Turance, wanda yake nufin akwatin wasiƙa. Ku lura da wannan: tun farko a kan amana aka gina shi.

Abin bai yaɗu da sauri ba. A 1938 aka kafa wani akwati a Duck's Pool domin tunawa da William Crossing, marubucin da ya yi littattafai a kan wannan tudu. A 1976, wato shekara 122 bayan kwalbar farko, wata taswira da aka buga ta nuna akwatuna 15 ne kawai. Bayan wannan ne abin ya bunƙasa, har akwatunan suka kai dubbai. Iyalai sukan fita ran hutu da taswira da kamfas da takardar kwatance, uba da uwa da yara har da kakanni. A watan Afrilu na 1998 mujallar Smithsonian ta Amurka ta buga labarin wasan, mutanen can suka ɗauka. A watan Mayu na 2000 kuma wani mutum a jihar Oregon ya ɓoye bokiti ya sanar da inda yake ta lambobin na'urar tauraron ɗan adam, daga nan aka sami wani reshe na wasan da ake yi da waya.

Mu ba ruwanmu da na waya. Na asalin shi ya dace da mu, domin ƙafa da ido da ɗan karatu kawai yake bukata. In kun duba da kyau ma, ba baƙo ba ne a wurinmu. Wasan ɓuya ne da kacici-kacici aka haɗa, aka ƙara musu alƙalami.

Yadda ake yin sa

Gida ɗaya ne zai ɓoye akwati, sauran gidaje su nema. Ga abin da ake bukata.

Na farko, akwatin kansa. Roba mai murfi ta fi, irin wadda ake ganin abin da yake ciki, kamar ta alewa ko ta man shafawa da aka wanke. Gwangwani yakan yi tsatsa, kwali kuma abincin gara ne.

Na biyu, ɗan littafi. A raba littafin rubutu na 'yan makaranta gida biyu, a ɗinke, a sa shi cikin leda tare da guntun fensir.

Na uku, hatimi. Wannan shi yara suka fi so. A samo tsohon silifa, a yanko wuri mai laushi kamar faɗin kwalin ashana. A zana alama a kai da biro, sa'an nan babba ya sa reza ya fafe gefen zanen, ya bar alamar a tsaye. Kada a bar wa ƙaramin yaro reza. Kowane gida ya zaɓi alamarsa: wani zakara, wani fartanya, wani karan rake, wani barkono, wani tauraro. Iyayenmu mata da suka iya zanen ƙwarya sun fi kowa hannu a wannan aiki. In za a sa harafi, a tuna cewa hatimi yana juya rubutu. A zana shi a juye, a duba a madubi kafin a yanka. Tawada kuwa ba sai an saya ba. A niƙa gawayi ya yi laushi, a haɗa da ƙaro da ɗan ruwa, yadda maƙwabtanmu suke yi wa almajirai. A jiƙa guntun soso da ita a cikin murfin roba, shi ke nan.

Hatimi iri biyu ne. Akwai wanda yake zama cikin akwati, akwai wanda kowane gida yake yawo da shi tare da littafinsa. In kun gano akwati, sai ku buga hatimin gidanku a littafin akwatin, yaro ya rubuta kwanan wata da 'yar gaisuwa. Sa'an nan ku buga hatimin akwatin a naku littafin. Ku mayar da kome yadda kuka same shi. Ba a ɗaukar kome, ba a sa kuɗi, ba a sa abinci, kuma ba a gaya wa gidan da bai samu ba tukuna.

Na huɗu, takardar kwatance. A nan ne gishirin wasan yake. Ba za a rubuta “akwati yana wuri kaza” ba. Za a nannaɗe maganar yadda sai an yi tunani. Ga misalin wadda wani gida ya rubuta:

“Ku tsaya a bakin rijiyar unguwa da la'asar, ku juya wa rana baya. Ku yi taku 40 na Baba, ko 60 na Auta, zuwa itacen da yake tuɓe rigarsa da damina ya mayar da rani. Daga gindinsa ku juya hannun hagu. Ku nufi itacen da 'ya'yansa suke ƙarewa a tukunyar miya bayan sun yi wari. Ku ɗaga kai, kada ku sunkuya.”

Wa ya gane? Ga wata mama can ta faɗa. Itacen farko gawo ne, na biyu ɗorawa. Yanzu ku duba abin da yaro ya koya cikin layi biyar. Ya karanta da bakinsa. Ya ƙidaya har 60. Ya gane cewa wanda ya juya wa rana baya da la'asar gabas yake kallo, hagunsa kuwa arewa ce. Ya kuma tambayi ubansa dalilin da ya sa gawo ya saba wa sauran itatuwa. Sai uban ya sami ƙofar da zai gaya masa cewa shi ya sa ba a sare gawo a gona: da damina ba ya tare wa dawa rana, ganyen da ya zubar yana zama taki, da rani kuma dabbobi suna cin 'ya'yansa suna hutawa a inuwarsa suna barin kashi.

Kuskuren da muka yi

Ba za mu ɓoye muku ba, gwajinmu na farko ya kusa jawo fitina, kuma laifinmu ne. A wani ƙauye da ba za mu faɗi sunansa ba, muka sa littafi da hatimi a gwangwanin madara, muka naɗe da baƙar leda, muka tura shi a gindin wata tsohuwar tsamiya, muka rufe da ganye. Ba mu gaya wa kowa ba sai gidaje uku na ikklisiya. Mun ɗauka sirri shi ne daɗin wasa.

Washegari wata tsohuwa, maƙwabciyarmu Musulma, ta je tsintar tsamiya ta gani. Ku sa kanku a matsayinta. Ga abu a baƙar leda, a gindin tsamiya, itacen da tun kakanni ake cewa mazaunin iskoki ne. Ga shi kuma dab da gonar ɗanta, wanda a lokacin matarsa take kwance ba lafiya. Jiya da yamma an ga baƙi tare da mutanen coci suna sunkuye a wurin. Me za ta ce? Kafin azahar magana ta zaga gari cewa an binne wa gidansu sammu. Waɗansu samari kuma suka ce kada kowa ya taɓa, ko bam ne. Ba za mu ga laifinsu ba. Tun hare-haren da aka kai majami'u a Zariya da Kaduna a watan Yuni na 2012, kowa yana tsoron ƙunshin da ba a san mai shi ba.

Allah ya sa mai unguwar mutum ne mai sanyin rai. Ya aika aka kira mu, aka kira fasto, aka kira limamin unguwa. Muka je muka ɗauko gwangwanin da hannunmu, muka buɗe a gaban jama'a. Sai ga littafi, ga guntun fensir, ga zakaran da aka sassaƙa a jikin silifa. Aka yi shiru, sa'an nan wani ya fashe da dariya, kowa ya ɗauka. Amma tsohuwar ba ta yi dariya ba, domin ta yini cikin fargaba. Muka durƙusa muka ce, “Iya, ki gafarce mu, mu muka yi wauta.” Mai unguwa ya yi mana faɗa, faɗan da ya dace. Ya ce ƙasar ba ta gida uku ba ce, duk abin da za a ajiye a cikinta sai masu ita sun sani.

Bayan mako biyu jikokin tsohuwar nan suna cikin masu nema, ita ce ma ta zana musu hatiminsu. Amma da mai unguwar mai zafin kai ne, ko da samari sun riga shi isa wurin, da labarin da muke ba ku yau dabam ne. Zaman lafiyar da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu ya fi kowane wasa tsada.

Dokokin da muka koya

1. Kafin a ɓoye kome, a je wurin mai unguwa ko dagaci a nuna masa akwatin da abin da yake ciki. A sanar da limami, da ardo in akwai rugar Fulani kusa, da 'yan sintiri. A gaya musu cewa ƙofa a buɗe take ga yaran kowa.

2. Ba a binnewa, ba a naɗewa da baƙar leda. A rubuta a jikin robar da manyan baƙaƙe: “Wasan yara ne.” A roƙi maƙwabci ya rubuta haka da ajami.

3. A nisanci maƙabarta, da harabar masallaci, da tsofaffin wuraren tsafi, da duk itacen da mutane suke jin tsoronsa. A nisanci gonar da ake gardama a kanta. Ba a shiga gonar wani sai da izininsa.

4. Kada a wuce inda ake hango rufin gidaje. Ba a shiga cikin rake, ba a zuwa bakin rafi ko kududdufi ko tsohuwar rijiya. Yara ba sa fita su kaɗai, kuma kowa ya dawo gida kafin rana ta faɗi. In an ji ƙishin-ƙishin na rashin tsaro, a mayar da wasan cikin unguwa, tsakanin rumbuna da danga da turken awaki. A can ma yana da daɗi.

5. A rataye akwati a reshe ko a jikin danga, inda ido zai gan shi kafin hannu ya taɓa. Kada a sa shi a kogon itace, ko ramin suri, ko ƙarƙashin dutse, domin nan ne gidan kububuwa da kasa da kunama. Kowa ya sa takalmi, babba ya riƙe sanda. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A kwantar masa da hankali, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

6. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka kwashe amfanin gona, ciyawa ta kwanta, zafi bai sauka ba. Ran Lahadi da yamma bayan an huta daga sujada, ko cikin hutun Kirsimeti, awa ɗaya ta isa. Da hadarin farko a tattara akwatuna a ajiye sai baɗi.

Abin da muka gani ya fito daga ciki

Wani magidanci ya ce mana shi ba zai shiga ba, domin bai yi boko ba, kada 'ya'yansa su raina shi. Muka ce, “Baba, wa ya san sunan kowane itace daga nan zuwa bakin titi? Wa ya san inda tsohuwar kasuwa ta ci, da inda aka fara yin sujada a gindin rimi kafin a gina majami'a?” Ya ce shi ne. To, shi ya riƙa faɗa, 'yarsa tana rubutawa. Takardarsu ta fi ta kowa wuya, har malamin makaranta sai da ya kwana biyu bai warware ta ba. Uban yana da sanin ƙasa, 'yar tana da sanin baƙi, babu wanda zai iya shi kaɗai. Tun daga ranar ita take karanta masa rubutun da ke jikin buhun taki da kwalbar maganin feshi.

Wani dattijo kuma da muka nemi ya shirya wa jikokinsa kwatance a cikin gonarsa, sai ya ce bari ya bi da su ta kan iyaka. Ya kira maƙwabcin gonarsa, suka zaga tare, yara suna biye suna rubutawa: daga kututturen marke zuwa layin gamba, daga nan zuwa bini-da-zugu, daga nan zuwa kanya. Muna so mu yi gargaɗi a nan. Littafin wasa ba takardar mallaka ba ne, ba kuma zai tsaya a gaban alƙali a madadinta ba. Wanda yake son takarda sai ya bi ta wurin dagaci da hukuma. Amma yara takwas daga gida biyu sun ga iyakar nan da idonsu, tsofaffin biyu suna raye suna dariya. Gani ya kori ji.

Malaman makarantar Lahadi ma sun ba mu shaida. Yaron da ba ya son a kira shi ya yi karatu a gaban aji, shi ne yake fizge takardar kwatance daga hannun yayarsa, domin yana so gidansu ya riga na su wane. Iyayenmu da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 sun san wannan: mutum yakan koyi karatu da sauri in akwai abin da yake ƙishin sani a cikin takardar.

Ga masu cewa babu lokaci

Mun sani aiki ba ya ƙarewa. Masu rake suna kan sara da dafa mazarƙwaila, masu lambu suna ban ruwan tumatir da barkono. Ba mu ce a bar aiki ba. Awa ɗaya a mako muka roƙa, ƙasa da abin da ake ɓatarwa a teburin mai shayi.

Muna da roƙo na musamman ga iyaye maza. Kada a ce 'yan mata su zauna su yi wanke-wanke, maza su tafi nema. In an yi haka an rushe abin tun daga tushe. A taru a gama aikin gida da wuri, a fita tare, har da uwar gida. Tsofaffin da ƙafa ta gaza da yara masu naƙasa su ma suna da wuri: a ba su ajiyar takardun kwatance, ko a rataye akwati ɗaya a tsakar gidansu domin masu nema su shigo su gaishe su. Gwauraye da marayu kuma kada a bar su a baya. Kowane gida ya ɗauki yaro ɗaya da ba shi da mai fita da shi.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

Waɗanne wasanni muka yi muna yara da 'ya'yanmu ba su sani ba? Me ya hana mu koya musu?

Itatuwa nawa yaranmu za su iya kira da suna, su kuma faɗi amfaninsu?

A gidanmu, wa ya san iyakar gonarmu ban da maigida?

Su wa ya kamata mu sanar a ƙauyenmu kafin mu fara, kuma wa za mu aika?

Waɗanne wurare ne a ƙauyenmu bai kamata a kai wannan wasa ba?

'Yan'uwa, kada ku jira mu kawo muku kaya, domin babu kayan da za a kawo. Tsohon silifa yana bayan ɗaki, gawayi yana murhu, roba tana kan bola. Gida uku ko huɗu sun isa a fara, da akwati biyu. Ku fara da zuwa gaishe da mai unguwa. In mun sake zagayowa ƙauyukanku bayan sabuwar shekara, muna so yaranku su tare mu da littattafansu, su nuna mana hatimin gidaje nawa suka tara, su kuma ba mu takardar kwatance mu ma mu gwada sa'armu.

Ubangiji ya tsare mana yaranmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kai kowa gida lafiya. A gaida mutanen gida.